Hoton da Ba Shi da Inuwa: Alhakin Mai Yi wa Na'ura Umarni

  

Ya ku ƴan'uwa, tun kaka da kakanni Bahaushe yake cewa gani ya kori ji. A kan wannan magana muka gina ciniki da shaida da yarda a tsakaninmu. Mai sayen sa ba ya biya sai ya zagaya shi da idonsa, alƙali kuma yakan fifita wanda ya gani a kan wanda aka ba labari. Da hoto ya shigo ƙasarmu sai muka ba shi matsayin ido, har ya zama idan an nuna wa mutum hoton abu, to gardama ta ƙare.

Yau ga shi an zo da wata fasaha da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Yaro zai riƙe wayar salula a bakin kasuwar Tanda, ya rubuta layi biyu, kafin ya gama kurɓar shayinsa ta fito masa da hoton abin da bai taɓa faruwa ba, da fuskokin mutanen da ba a taɓa haifa ba. Samarinmu sun fara koyon rubuta irin wannan umarni, wasu domin allon shago, wasu domin darasi a makaranta, wasu domin katin gayyatar biki, wasu kuwa domin nishaɗi kawai. Ba mu ga aibi ga neman sani ba. Amma akwai mas'alar da ya kamata a warware tun ranar farko ta koyo: hoton da hannu bai zana ba, ido kuma bai gani ba, a wuyan wa alhakinsa yake? Abin da muke son tabbatarwa shi ne alhakin yana wuyan wanda ya rubuta umarnin, kuma hanyar ƙwarewa a wannan rubutu ita ce dai hanyar tsare gaskiya a cikinsa.

Yadda abin yake aiki

Wajibi ne mu fara da sanin haƙiƙar abin, domin malamai sun ce hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Wannan na'ura ba aljani ba ce, ba kuma tsafi ake yi da ita ba. A watan Janairu na 2021 kamfanin OpenAI na Amurka ya bayyana wata manhaja mai suna DALL-E, wadda ke mayar da rubutu hoto. A 2022 Midjourney da Stable Diffusion suka biyo baya, abin ya bazu a duniya. A 2024 kamfanin Meta ya shigar da tasa basirar cikin WhatsApp a wasu ƙasashe, har da maƙwabciyarmu Najeriya.

Yadda aka horar da irin waɗannan na'urori shi ne an tattaro hotuna masu ɗimbin yawa daga intanet, kowane da ɗan rubutun da ke bayaninsa. Wata ƙungiya a Jamus mai suna LAION ta fitar da irin wannan tari a 2022, mai ɗauke da hoto da bayani fiye da biliyan 5, kusan biliyan 2.3 daga cikinsu da Turancin Ingilishi. Da wani sashe na wannan tari aka horar da Stable Diffusion. Ta hanyar lissafi na'urar ta koyi wane launi da wace siffa suka saba tafiya da wace kalma. Idan an ba ta umarni, sai ta fara da ɗigo-ɗigo marasa kama, irin na talabijin da ta rasa tasha, ta yi ta share su mataki bayan mataki, har abin da ya rage ya yi daidai da kalmomin da aka rubuta mata. Shi ya sa idan ka ba ta umarni ɗaya sau biyu, hotuna biyu mabambanta za ta ba ka.

Daga nan abu biyu suka bayyana. Na farko, ba ta taɓa ganin garinmu ba, abin da mutane suka zuba a intanet kaɗai ta sani. Na biyu, ba ta da niyya, ba ta san gaskiya ba balle ƙarya. Duk niyyar da ke cikin hoton daga mai rubutu ta fito.

Ladubban siffantawa

Mai koyo yakan ɗauka akwai wasu kalmomin asiri da gwanaye ke ɓoyewa. Babu wani asiri. Abin da ake bukata ilmi ne da ke cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu tun da daɗewa. Wanda ya karanci babin ciniki a cikin Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 996 miladiyya, ya san cinikin salam, wato a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya. Malamai ba su halatta shi ba sai da sharuɗɗa: a san nau'in kayan, a san siffarsu, a san awonsu, a san ajalinsu. Wanda ya ba da kuɗin shinkafa ya ce kawai a kawo masa shinkafa, bai faɗi irinta ba, bai faɗi tiya nawa ba, bai faɗi ko shanshera ce ko gyararriya ba, ya buɗe wa kansa ƙofar jayayya. Haka wanda ya kai wa tela yadi ana gobe jajiberen Salla ya ce a ɗinka masa riga mai kyau: duk abin da ya samu, shi ya jawo.

Rubuta wa na'ura umarni siffanta abin da ba ya gabanka ne, kamar salam. Mai koyo ya tambayi kansa abu biyar kafin ya taɓa waya. Mene ne ainihin abin da nake son a gani? A wane wuri yake, me ke gabansa, me ke bayansa? Wane lokaci ne, hantsi ko la'asar sakaliya, damina ko hunturu? Daga ina ake kallonsa, kusa ko nesa, daga ƙasa ko daga tudu? Sa'annan da wane salo, zanen fensir ne, ko na fenti, ko mai kama da hoton kyamara?

Mu ɗauki misalin malamin makaranta da ke son hoton giginya domin ya koya wa yara amfaninta. Idan ya rubuta "itace a Afirka", Allah kaɗai Ya san abin da zai fito. Idan ya fassara giginya da kalmar da Turawa ke kiran dukkan dangin dabino da ita, mai yiwuwa kwakwar bakin teku za a ba shi. Amma idan ya rubuta cewa yana son zanen fenti na giginyu goma a cikin fadama, dogaye miƙaƙƙu, da ɗan kumburi a saman tsakiyar gangar jikinsu, ganyensu shimfiɗaɗɗe kamar mafici, ƴaƴansu manya masu launin ruwan goro sun taru a ƙarƙashin ganye, ƙasa kore shar bayan ruwan sama, rana ta karkata yamma, ana hangen su daga ɗan nesa, to ya kusa samun abin da yake nema. Wanda bai taɓa ɗaga kai ya ƙare wa giginya kallo ba, ba zai iya rubuta wannan ba. Ashe matakin farko na wannan sana'a shi ne lura da halittar Allah da idon basira.

Akwai wasu ladubba kaɗan da za su rage wa mai koyo wahala. Ya fara rubuta siffar da harshen da yake tunani da shi, Hausa ko Dandanci ko Zabarmanci, sa'annan ya mayar da ita Faransanci ko Ingilishi, domin na'urorin sun fi jin waɗannan, ya kuma bincika ko fassarar ta riƙe ma'ana. Ya ambaci abin da yake so maimakon abin da ba ya so, domin wasu daga cikinsu da zarar sun ji sunan abu sai su zana shi, ko da an ce kada a sa. Idan hoton farko bai yi ba, ya gyara abu guda a kowane karo, domin ya gane wace kalma ce ta kawo wane canji. Wani Ba'amurke mai suna Jason Allen, wanda hotonsa na Midjourney ya ci gasa a bajekolin jihar Colorado a 2022, ya bayyana cewa ya sake umarninsa aƙalla sau 624 kafin ya gamsu. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma ya duba abin da ya fito da kyau, musamman rubutu: sau da yawa na'urar takan zana abu mai kama da haruffan Larabci alhali shirme ne, ko ta ƙara harafi, ko ta rage. Saboda haka kada a ɗora mata zanen aya ko sunan Allah. Wannan aikin mai alƙalami ne da ya san abin da yake rubutawa.

Abin da ka bari, wani zai cike

Hoto ba ya yarda da giɓi. Mai magana yana iya cewa "wani gida" ya yi shiru, amma mai zane dole ya zaɓa, na laka ne ko na siminti, rufin kwano ne ko na ciyawa, mai kyau ne ko rusasshe. Duk abin da mai umarni bai faɗa ba, na'urar za ta cike shi da abin da ya fi yawa a cikin hotunan da aka horar da ita da su. Hotunan Afirka da suka fi yawa a can kuwa, baƙi ne suka ɗauke su, da idon baƙo, domin bukatar baƙo.

A 2023 wasu masu bincike daga jami'ar Oxford ta Ingila da wata cibiyar nazarin cututtuka ta birnin Antwerp a Beljiyam suka wallafa wani gwaji a mujallar The Lancet Global Health. Sun umarci Midjourney ta zana likitoci baƙaƙen fata ƴan Afirka suna jinyar yara farare marasa lafiya. Sun fitar da hotuna fiye da 300, amma kusan kullum sai ta mayar da yaran baƙaƙe, wani lokaci ma ta ƙara raƙumin dawa ko giwa a gefe domin ta nuna Afirka ce. Ba ƙiyayya take yi ba. Abin da ta saba gani ne: fari na bayarwa, baƙi na karɓa.

To, mu dubi kanmu. Idan ɗan Tanda ya rubuta "ƙauye a Nijar" ya tsaya nan, kada ya yi mamaki in an ba shi rairayi da raƙumi da yaro mai tsumma. Alhali yankin Gaya na cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duk faɗin ƙasar, kimanin milimita 800 a shekara. Muna bakin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara, muna noman shinkafa da rogo da rake, masuntanmu na kan ruwa, giginyun Dallol Mauri na ba mu azara da muruci. Wanda ya yi kasala wajen siffantawa, ya karɓi hoton rairayi ya yaɗa shi da sunan garinsa, ya bar baƙon da bai taɓa zuwa ba ya yi shaida a kan gidan ubansa, shi kuma ya sa hannu. A nan ne ƙwarewa da gaskiya suka haɗu: umarni mai rauni yakan haifi hoto mai ƙarya, ko da mai shi bai yi nufin ƙarya ba.

Inuwar da babu

Masu sauraro za su tambaya, to ina hukuncin sura kanta? Wannan babi ne da malamai suka yi saɓani a cikinsa tun da daɗewa, ba kuma fatawa muke bayarwa a nan ba. Abin da aka sani a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin ya tabbata ga sura mai jiki ta abu mai rai, cikakkiya, wadda ke da inuwa, kamar gunki. Wadda aka zana a shimfiɗe bisa takarda ko bango kuwa, sun sassauta a kanta zuwa karhanci ko barin abin da ya fi. Wasu malaman na wasu mazhabobi sun hana zanen mai rai ko ta wace hanya. Mafi yawan malamai sun tafi a kan halaccin zanen itatuwa da koguna da gine-gine, kuma an ruwaito Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Mai koyon da ke son kuɓuta daga shubuha yana da fili mai faɗi a nan. Wanda kuma bukata ta kai shi ga surar mutum ko dabba, ya tambayi malaminsa.

Amma akwai wani abin lura. Lokacin da kyamara ta bayyana, Shaihu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, muftin Masar wanda ya rasu a 1935, ya rubuta risala yana halatta hotonta. Hujjarsa ita ce mai kyamara bai ƙagi sura ba, inuwar abin da Allah Ya riga Ya halitta ya tsare, kamar yadda madubi ke nuna fuska. Wannan hujja ce ta sa da yawa suka natsu da hoton katin shaida da na fasfo. Kuma ita ce, ko mun sani ko ba mu sani ba, ta sa muke gaskata hoto: inda aka ga inuwa, lalle akwai jikin da ya tsaya a rana.

Hoton ƙirƙirarriyar basira ba inuwar kowa ba ne. Babu wanda ya tsaya gaban madubi. Ya ari rigar hoton kyamara ne, ya ari yardar da muke ba shi, alhali ba shi da abin da ya jawo wannan yarda. Malaman hadisi sun koya mana cewa kyawun lafazi bai isa a karɓi labari ba, sai an san wa ya ji daga wa, har a kai ga wanda ya halarta. Wannan hoto lafazi ne mai kyau wanda ba shi da isnadi. Idan an gabatar da shi a matsayin zane, kamar tatsuniya da aka fara da "ga ta nan ga ta nanku", babu yaudara. Idan aka bar mutane suka ɗauke shi shaidar ido, ya zama shaidar zur.

Uzurori uku

Uzuri na farko shi ne mutum ya ce, ba ni na zana ba, na'ura ce. Har ma yana iya kafa hujja da cewa a 2023 ofishin kare haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi yi wa hoton Jason Allen rajista, bisa dalilin cewa abin da na'ura ta samar ba aikin ɗan Adam ba ne. Amma mallaka daban, alhaki daban. Fiƙihu ya jingina farautar kare mai horo ga mafaraucin da ya sake shi ya ambaci sunan Allah. Wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a, shi ke lamunin wanda ya faɗa, ba a tuhumar magirbi. Dattawanmu sun san zamanin da ake zuwa wurin marubucin wasiƙa a faɗa masa ya rubuta: in akwai ƙarya a wasiƙar, mai faɗa ake kamawa, marubuci kuma yana da nasa kaso in ya sani. Na'ura ba ta sani ba, ba ta da kaso, saboda haka nauyin duka ya koma ga mai faɗa. Gaskiya ne kamfanonin ma suna da nasu hisabi. Ga misali a 2023 kamfanin hotuna na Getty Images ya kai masu Stable Diffusion ƙara, yana zarginsu da amfani da hotunansa ba izini. Sai dai laifin maƙeri ba ya wanke wanda ya yi sara da wuƙa.

Uzuri na biyu shi ne, wasa nake yi. A watan Maris na 2023 wani ya ƙirƙiri hoton Fafaroma Francis sanye da wata babbar farar rigar sanyi ta ƴan gayu, ya saka domin raha, mutane masu ɗimbin yawa suka gaskata. A watan Mayu na wannan shekara aka yaɗa hoton ƙarya na fashewar wani abu kusa da Pentagon, hedikwatar sojan Amurka, har kasuwar hannun jari ta ɗan girgiza kafin a ƙaryata. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta saurin tafiya. Dariyar da aka yi a majalisar farko ba ta binsa zuwa waya ta goma. Mafi muni a wannan babi shi ne a ɗauki fuskar mutum sananne, malami ko mai gari ko ƴar mutane, a dasa ta a wurin da ba ta taɓa zuwa ba. Aure yakan mutu da ƙasa da wannan. Suratun Nur ta ba mu labarin ƙazafin da aka yi wa Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, kuma zargin da ke cikin surar ya haɗa har da waɗanda suka karɓi maganar suka miƙa ta gaba ba tare da sani ba. Mai turawa abokin tarayyar mai ƙirƙira ne.

Uzuri na uku shi ya fi wuyar amsawa, domin na mutanen kirki ne: niyyata alheri ce. A daminar 2024 ambaliya ta yi ɓarna a Nijar, ɗaruruwan mutane suka rasu, abin ya shafi fiye da mutum miliyan 1, har tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya rushe a watan Satumba. Mu mutanen bakin kogi mun san ruwa ba baƙonmu ba ne. A ce irin wannan ta sake faruwa, Allah Ya kiyaye, sai wani saurayi mai kishin garinsu ya so ya tara taimako daga ƴan'uwa mazauna Yamai da Kwatano da Legas. Hotunan da ya ɗauka da wayarsa ba su fito da kyau ba, sai ya umarci na'ura ta yi masa hoton yarinya bisa rufin ɗaki, ruwa ya kewaye ta, tana kuka. Zai ce ai ambaliyar gaskiya ce, yunwar gaskiya ce, me na ƙara?

Ya ƙara yarinyar da babu ita. Wanda ya ba da jika goma domin wannan fuska, an karɓi dukiyarsa da siffar da ba ta tabbata ba, kuma mun ga abin da malamai suka ce a kan ciniki da siffar da ba ta tabbata ba, balle sadaka da aka gina a kan amana. Sa'annan ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da wani ya gane yatsun yarinyar shida ne, ko ya ga ginin bai yi kama da namu ba, zai rufe aljihunsa, zai kuma gaya wa abokansa. Shekara mai zuwa idan gwauruwa ta gaskiya ta tsaya gaban rusasshen ɗakinta aka ɗauke ta hoto na gaskiya, za a ce na'ura ce. Wannan saurayi ya ci bashi daga rumbun yardar jama'a, wadda za ta biya kuwa ita ce matar da ba ta san an yi ba. Hoto dishi-dishi na gaskiya, da sunan unguwa da ranar da aka ɗauka, ya fi albarka.

Mu mutanen kan iyaka

Wannan nauyi ya fi tsanani a kanmu saboda mazauninmu. Tsallaken kogi Benin ce, gabas da Gaya kuma ga Kamba a jihar Kebbi ta Najeriya. Da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa ko ƴa ko suruki a ɗaya daga cikin ƙasashen nan. Lokacin da aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a 2023, jama'a suka koma ƙetarawa da kwalekwale, kowace uwa hankalinta na kan ruwa. A irin wannan hali hoton ƙarya guda na jirgin da ya kife ya isa ya tayar da kuka a gidaje ɗari kafin azahar. Hoton ƙarya guda na gonar da shanu suka cinye, ko na rugar da aka ƙona, ya isa ya haɗa manomi da makiyayi faɗan da zai ci rai. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike idan labari ya zo daga wanda ba a amince da shi ba, kuma dalilin da ta bayar shi ne gudun a cutar da wasu mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Hukuma ma ta yi nata tanadi, domin tun 2019 Nijar take da dokar hukunta laifuffukan intanet. Amma mumini ba ya jiran ɗan sanda kafin ya tsare harshensa.

Nasiha

Saboda haka, ya ku matasa masu koyo, ku koya, ku ƙware. Malami na bukatar zanen da zai nuna wa yara yadda sauro ke hayayyafa a kwatami, mai shago na bukatar allo, ƙungiyar manoma na bukatar zanen da zai bayyana tazarar dashen shinkafa ga wanda bai iya karatu ba. Ku siffanta ƙasarku kamar yadda take, da giginyunta da kwalekwalenta, kada ku bar wa baƙo. Idan zanen fenti ko na fensir zai biya bukata, ku zaɓe shi a kan mai kama da hoton kyamara, domin ba ya rikita kowa. Ku rubuta a jikin hoton kansa, ba a saƙon da ke rakiyarsa ba, cewa na'ura ce ta yi shi, domin saƙo yakan faɗi a hanya. Kada ku sa fuskar kowa ba da izininsa ba. Kada ku yi hoton aukuwar da za a ɗauka labari ne. Kafin ku danna, ku karanta umarninku, ku tambayi kanku: da a gaban jama'a bayan sallar Juma'a aka ce in faɗi wannan magana da bakina, zan iya?

Ku kuma iyaye da dattawa, idan an nuna muku hoto a waya, ku yi tambayar da malaman hadisi suke yi: wa ya ɗauka, a ina, yaushe, wa ya gani da idonsa? In babu amsa, ku riƙe shi a hannunku, kada ku tura. Aya ta 36 a Suratul Isra'i ta hana mu bin abin da ba mu da saninsa, ta kuma tunatar da mu cewa ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne ranar gobe. Yatsan da ya rubuta umarni da yatsan da ya tura hoto ba za su kuɓuta daga wannan tambaya ba.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya tsare mutuncin ƴaƴanmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.